Ni da Sabon Tabarauna da Matakalar Bene

Da shekaruna suka haura arba'in, na lura cewa duk lokacin da zan karanta rubutu sai na miƙe hannu da takardar kamar mai gudun kada ta cije ni, har ranar da tsawon hannun ya gaza. Likitan ido ya ce ba ciwo ba ne, ƙwayar da ke cikin ido ce take rasa laushinta da shekaru, ta daina lanƙwasa yadda za ta kama abin da ke kusa. Ya rubuta mini tabarau mai hawa uku a gilashi ɗaya: sama na hangen nesa, tsakiya na matsakaicin nisa, ƙasa na karatu. Ya ƙara da cewa, "Malam, sai ka yi haƙuri na kwanaki kafin ka saba." Na ji wannan gargaɗi, amma na ɗauka irin maganar da ake yi wa kowa ce.

A ranar farko na zo sauka daga bene, na kalli ƙafafuna ta ƙasan gilashin, wato ta wajen da aka yi domin karanta abin da bai wuce tsawon kamu ɗaya daga fuska ba. Matakalar ta zama hazo, na ajiye ƙafa a inda na tabbata akwai wurin takawa, ashe iska ce, kuma na ƙarasa sauran takun huɗu a zaune cikin saurin da ban taɓa yi a tsaye ba. Da na juya kai domin in ga ko wani ya gan ni, sai bango ya yi lilo kamar ruwa a kwano, domin gefen irin wannan gilashi yana karkatar da siffar abu. An kuwa gan ni.

Daren nan na nemi abin da masana suka ce, kuma abin da na samu ya ba ni kunya. A shekarar 1897 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, George Stratton, ya ba da rahoton yadda ya shafe kwana takwas sanye da na'urar da ke kifar da duniya a idonsa na dama, sama ta koma ƙasa, ya kuma rufe na hagu. Da farko ko hannunsa ba ya iya kaiwa ga abin da yake gani, amma kafin kwanakin su cika ya koma zirga-zirga a gidansa. Daga baya a birnin Innsbruck na Ostiriya, Theodor Erismann da Ivo Kohler sun sa mutane irin wannan tabarau na makonni, har aka kai ga hawa keke da shi. Mutum ya tuƙa keke duniya tana kife, ni kuwa matakala a miƙe ta kayar da ni.

Sai na yanke shawarar da na ɗauka ta hikima ce: tunda ƙwaƙwalwa ce ke sabawa, bari in zauna a kujera in ba ta lokaci. Kwana uku na yi ina zaune daram, ina kallon gaba kamar wanda ake ɗauka hoto, ban saba da komai ba sai kujerar. Can na ci karo da gwajin Richard Held da Alan Hein na 1963, inda aka haɗa 'yan kyanwa biyu a na'ura mai juyawa, ɗaya yana tafiya da ƙafarsa, ɗaya ana ɗauke da shi a ɗan kwando. Abu ɗaya suka gani, amma mai tafiyar ne kaɗai ya koyi gane zurfi da nisa. Ido ba ya koyo sai jiki ya motsa, ya yi kuskure, ƙwaƙwalwa ta auna tazarar da ke tsakanin inda ta zaci abu yake da inda hannu ya same shi. Na gane cewa kwana ukun nan ni ne kyanwar cikin kwando.

Na tashi na shiga atisaye. Na koyi sunkuyar da haɓa idan zan sauka, na koyi nuna abu da hanci kafin in kalle shi, kuma bayan kamar mako biyu bango ya daina lilo, ba tare da na san ranar da ya daina ba.

Abin da na tsallake a karatuna shi ne abin da masanin kimiyya ɗan Jamus, Hermann von Helmholtz, ya lura da shi tun a ƙarni na 19: wanda ya saba da gilashin da ke gusar da gani gefe, idan ya cire shi, hannunsa zai yi kuskure zuwa ɗaya gefen na ɗan lokaci. Wata safiya na rasa inda na ajiye sabon tabarau, na ɗauko tsohon, na nufi benen da ƙarfin zuciyar wanda ya ci jarrabawa. Na sunkuyar da haɓa yadda na koya, ƙasa ta matso kusa fiye da yadda ƙafata ta yi lissafi, na dira da ƙarfi, na rungumi ƙarfen gefe da hannu biyu. Ɗana ya leƙo daga ƙasa ya ce, "Baba, wannan kuma wanne gwajin ne?" Na ce masa na Helmholtz ne, sannan na roƙe shi ya duba mini ƙarƙashin kujerar nan ko sabon tabarau yana can.