Kifin bana ba haihuwar bana ba ne

A bakin dam ɗin Dadin Kowa a Gombe, idan kamu ya yi kyau sai ka ji ana cewa bana kifi ya hayayyafa. Ba haka abin yake ba. Kifin da ya cika taru yau, an ƙyanƙyashe shi tun shekarun baya.

Kifin salmon ya fi kowane nuna wannan a fili. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya dawo kogin ya saka ƙwai. Irin da ake kira sockeye na kogin Fraser a Kanada yawancinsa yana dawowa ne yana da shekara 4. A 2009 waɗanda suka dawo ba su kai miliyan 2 ba, hankali ya tashi, amma a 2010 sai ga fiye da miliyan 25. Ba wai kogin ya warke cikin shekara guda ba ne. Zuriya biyu ce daban, ƙyanƙyasar ƙwan 2005 da ta 2006, kowacce da wahalar da ta sha tana ƙarama.

Masana kan ɓalle ɓawon jikin kifi su duba zoben da ke jikinsa a madubin ƙara girma, su ƙirga shekarunsa. Idan kamu duk sa'o'in juna ne, ba ƙanana a bayansu, to da saura: suna ƙarewa kasuwa za ta bushe. Shi ya sa taru mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan karfasa a damina, sai a kamun baɗi da na gaba ake ganin ɓarnarsa.