Ga mai sarkin da kibiya ba ta hudawa

Tun da wuri, ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ne kawai ba ya jimirin as.

Shekara uku ke nan mu goma sha ɗaya muna gina duniyar nan tamu ta ƙage. Kowa da ƙasarsa da mutanensa, amma kundin tarihi ɗaya ne. Akwai wadda ta kwashe mako shida tana lissafin kalanda, don tun ranar farko muka yarda wata biyu ne ke haskaka daren duniyar, dole kwanaki su daidaita. Akwai wanda ya goge taswira ya sake zanawa, saboda an nuna masa koginsa tudu yake hawa maimakon ya gangara teku. Bai yi fushi ba, dariya ma ya yi.

Ni kuwa birnina aka ƙone. Wata takwas ina rubuta unguwanninsa, ƙofofinsa bakwai, har da gurgun mai gadin ƙofar yamma da ke barci a tsaye. Da yaƙi ya zo a shekara ta 412 ta lissafinmu, aka jefa ɗan ludo a idon kowa, ya faɗi a kan biyu. Shi ke nan. Na haɗiye, na zauna na rubuta yadda wutar ta ci da hannuna. Daga tokar nan 'yan gudun hijira suka kafa garuruwa uku a bakin teku, wata 'yar'uwa ta fitar da gidan sarautarta daga cikinsu, wani ya rubuta waƙar makoki da mutanen duniyar ke rerawa shekara ɗari biyu bayan nan.

To, sai ga wani yallaɓai. Ko wata ɗaya bai cika ba, kundin ma ina shakkar ya wuce shafi na biyar, ya zo mana da sarkinsa. Sarkin nan shekararsa 900. Kibiya ba ta huda shi, guba ba ta cinsa, in an kewaye shi sai ya tuna ashe yana da fukafukai. Duk yaƙin da aka taɓa yi, wai shi ya kitsa shi ta bayan fage. Muka yi shiru, muka ce baƙo ne, zai gane gari.

Shekaranjiya sai muka wayi gari wai birnin bai ƙone ba. Wai rufa-ido sarkinsa ya yi, birnin na nan a aljihun rigarsa. Ikon Allah! To 'yan gudun hijirar daga ina suka fito? Garuruwa ukun wa ya kafa su? Waƙar makokin, wa ake yi wa kuka? Bulo ɗaya ka zare daga ƙasan gini, ka tsaya kana mamakin me ya sa mutane ke ihu.

Kuma ba mu muka ƙirƙiro ƙa'idar ba. Wasan Microscope da Ben Robbins ya fitar a 2011, kan gina tarihi tare kaɗai aka yi shi. Babu alƙalin wasa a ciki. In layi ya zo kanka, kana iya tsallakawa baya ko gaba, ka kafa daula ko ka rusa ta, ba mai hana ka. Abin da aka hana shi ne ka ƙaryata abin da wani ya riga ya kafa. Ko Dungeons & Dragons, wasan da kowa ke taka rawar jaruminsa, tun 1974 jarumi kan mutu in ɗan ludo ya juya masa baya. Mai son ya zama shi kaɗai ke yanka shi ke raba, ai takarda ba ta ƙare ba, ya je ya rubuta littafinsa, ba wanda zai ce masa kanzil.

Abin da ya fi ba ni dariya, da aka yi masa gyara cikin ladabi, cewa ya yi hassada ake wa basirarsa. Wace basira, ranka ya daɗe? Sarkin da bai taɓa rasa ko takalmi ba, me za a rubuta a kansa?

Birnin dai ya ƙone, an mayar da shafin yadda yake. Daren Asabar kuma rundunar garuruwa ukun nan za ta isa ƙofar fadar wani sarki. Za a jefa ɗan ludo a idon kowa, kamar yadda aka jefa mini.