A buɗe wa tsofaffin 'yan jarida ƙofar aji

Jama'a, ina jin wasu na cewa ɗan jaridar da ya koma koyarwa a jami'a gudun wahala ya yi, wai albashi ne ba ya zuwa a kan kari. To ko da hakan ne, ni dai ina maraba da su, musamman a Kaduna.

A garin nan aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, a nan jaridar New Nigerian ta fara fita a 1966, ga Zariya nan kusa inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma tun 1939. Waɗanda suka goge a gidajen nan suna ta tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma yawancin abin da suka sani a ka yake. Edita ya dubi labarin rikici da daddare ya gane jimlar da za ta iya hana gari kwana lafiya, wannan sai wanda ya yi aikin. Rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya na 2002 daga rubutun jarida ya taso, duk ɗan Kaduna ya san haka. Wa ya fi cancanta ya koya wa yaranmu wannan taka-tsantsan?

Abin da ke damuna shi ne, jami'a da takarda take auna mutum. Ka shekara 20 a ɗakin labarai, in babu digiri na uku sai a ajiye ka can ƙasa, da albashin sabon shiga. Da yawa a nan suke haƙura. Ga shi a 2020 hukumar jami'o'i ta ƙasa ta raba kwas ɗin aikin jarida gida-gida, na rediyo da talabijin daban, na talla daban. Kenan jami'ar jihar Kaduna (KASU) da ta Ahmadu Bello (ABU) hannaye suke buƙata. A ware wa ƙwararrun nan matakinsu na daban mana.

Sai batun Hausa. Talakan Rigasa da Tudun Wada da Hausa yake jin labarai, amma ɗalibi zai gama karatu bai taɓa haɗa labarin minti biyu da ita ba. Tsohon ɗan rediyo ne zai gyara wannan.

Su ma masu zuwan, kar aji ya zama dandalin ba da labarin zamanin da. A zauna a duba rubutun ɗalibi layi-layi da jan biro, a sa shi ya sake, kuma a gaya masa gaskiya kan kuɗin goron da ake miƙawa bayan taron manema labarai.