Ganin Likitan Ƙwaƙwalwa ta Bidiyo: Wa Zai Zauna Kusa da Tsohon?

Lokacin da aka kulle Legas ranar 30 ga Maris, 2020, wata guda bayan ɓullar cutar korona a ƙasar nan, tsofaffi aka fi killacewa, domin su cutar ta fi kashewa. A ƙasashe da dama an hana ziyara a gidajen kula da tsofaffi, har ta kai likitan ƙwaƙwalwa sai ta bidiyo yake duba majinyacinsa. A ganina ya kamata mu riƙe wannan hanya tun kafin wata annobar ta zo, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma a birnin da kai tsoho daga Agege zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba kan cinye yini guda a cunkoson motoci.

Sai dai waya ba ta yin aikin ita kaɗai. Na taɓa zama kusa da wani dattijo a Idi-Araba ana haɗa shi da likita, ya kara wayar a kunnensa kamar yadda ya saba, likitan ba ya ganin komai sai gefen hularsa. Da aka tambaye shi jiki, ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Jikansa ne ya karɓi wayar ya bayyana cewa Baba ya kwana uku bai runtsa ba, kuma ya daina taɓa abinci. Dattijon Bahaushe ba ya buɗe baki ya ce yana cikin damuwa, balle ga baƙon da ke masa Turanci ta cikin gilashi.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya gani. Ruɗewar da ta zo wa tsoho farat ɗaya sau da yawa ba cutar mantuwa ba ce, tana iya zama ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma gano hakan sai an taɓa shi, an gwada zafin jikinsa da fitsarinsa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma doka ba ta riƙe wa kowa waya. Gidajen tsofaffi na Legas suna buƙatar ma'aikacin jinya da ke jin harshen majinyaci, da ɗaki mai sirri, da cajin da ba ya jiran NEPA. Mu kuwa da galibin tsofaffinmu ke ɗakunan bayan gida a Agege da Mile 12, jikokin nan masu riƙe waya su ya kamata a fara koya wa abin da za su lura da shi.