Talotalon Madam

Kun dai san Turawan mishan ɗin nan da nake koya wa Hausa, mata da miji da 'ya'ya uku, 'yan Amurka. Wata takwas ke nan muna fama. Mijin da tsohon Littafi Mai Tsarki na 1932 ya fara koyo tun a can, in ya buɗe baki sai ka ce kakan wani ne. Madam kuwa ran da aka ce mata albasar Galmi dala ashirin, saura kaɗan ta faɗi, ta ɗauka dalar ƙasarsu ce, alhali sefa ɗari ake nufi.

To, tun Satumba suke kiwon wani talotalo saboda bikin godiyarsu, wanda suke yi ran Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Kullum na zo darasi sai mun haɗa ido da shi. Ranar na zuwa na ƙirƙiri uzuri na mai da darasin safe ƙarfe shida na yamma. Na ce wa uwargida kada ta sa sanwa da ni. Ko fura ban sha ba.

Na yi sallama, ƙamshi ya amsa. Ga shi kwance tsakiyar tebur, ya yi jawur yana ƙyalli. Madam ta ce, "Mushe," wato Monsieur, yadda ake kiran malami a wajenmu, "za ka ci abinci?"

Ni kuma ɗan mutunci, na dafa ƙirji na ce, "A'a, alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Ai kowa ya san wannan ta farko ce. Sai a ce haba, ka ce wallahi, a ce ko loma ɗaya, sannan ka wanke hannu kamar an tilasta ka. Har na soma naɗe hannun riga. Sai na ji ta ce, "To, ba laifi."

Ba laifi! Ni na koya mata kalmar nan da bakina, ranar Talata, har na sa ta maimaita sau biyar don sautin ya zauna. Ya kuwa zauna. Ta ɗauke farantin da ta ajiye gabana, ta kawo mini ruwan sanyi kofi guda. Na yi gyaran murya, ba wanda ya waiwayo. Na ce, "Kai, naman nan ya gasu." Mijin ya ce, "Hakika, Ubangiji ya yi mana alheri mai girma," ya yanki ƙirji. Cikina ya yi wata ƙara, autarsu ta leƙa ƙarƙashin tebur tana neman kyanwa.

Amma duk ba su suka ƙona mini rai ba, Baba mai gadi ne. Tambaya ɗaya aka yi masa ya ce "Bismillah." Mutum da furfurarsa! Ya zauna bakin ƙofa da cinya guda, yana ci yana kallona, har da cewa, "Mushe, ashe azumin Alhamis kake?" Wannan fa tun Babbar Salla nake bin sa jaka biyu, kullum sai ya ce sai an yi albashi. Shekararsa goma sha da Turawa, ya san halinsu sarai, da ya so ai da ya ƙyafta mini ido tun daga ƙofa. Ƙashin ma bai bar wa kare ba.

Haka na koyar da darasin gaisuwar rashin lafiya, ina jin jiri. Na koma gida na tarar an ba almajiri sauran tuwo. Mai shayi kuma burodinsa ya ƙare.