Likitan da bai san unguwar Aboabo ta Kumasi ba zai rubuta magani ne kawai

Maganin tarin fuka wata shida ake yi ana sha: wata biyu na farko ƙwayoyi iri huɗu a haɗe, sauran wata huɗun iri biyu. Kowane ɗalibin likitanci a jami'ar KNUST da ke Kumasi ya haddace wannan, kuma a Ghana kyauta ake bayar da maganin. To me ya sa wasu ke dainawa a tsakiya? Amsar ba ta cikin littafin haɗa magunguna. Bayan 'yan makonni tari ya lafa, jiki ya yi ƙarfi, sai majinyaci ya fara lissafi: kuɗin trotro (motar haya) zuwa asibiti, yinin da zai rasa a kasuwar Kejetia, da idon maƙwabta a gidan haya inda ake cin abinci a kwano ɗaya. Ya daina, ƙwayar cutar ta farfaɗo, wani lokaci ta dawo ba ta jin maganin farko.

Wannan ne aikin ilimin zamantakewa a karatun likitanci, kuma a ganina kuskure ne a riƙa ɗaukarsa darasin cike gurbi da ake yi a shekarar farko a manta. Ba sabon tunani ba ne ma. Tun 1848 likitan Jamus Rudolf Virchow ya binciki wata annoba a yankin Silesiya, ya ɗora alhakinta a kan talauci da yunwa.

Ɗauki mai ciwon suga a watan Ramadan. Idan likita ya ce "kada ka yi azumi" ya rufe fayil, Alhaji zai ce to, ya je gida ya ɗauki azuminsa, bai kuma faɗa wa kowa ba. Wanda aka koya wa yadda addini ke tafiyar da rayuwar gida zai tambaya tun cikin Sha'aban. Mai shan metfomin sau uku a rana, a haɗa na rana da na buɗa-baki, ɗayan a sahur. Mai shan gilbenkilamaid, wanda ke saurin faɗar da suga, a duba sauya masa. A gaya masa ƙarara: in awon suga ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6 (a ma'aunin mmol/L), ko jiri da gumi suka taso, a karya azumi nan take. In da hali a haɗa da limamin unguwa, domin maganarsa a wannan fage ta fi ta farar riga nauyi.

Haihuwa ma haka. Tun 2008 masu juna biyu ke samun kulawa kyauta ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, amma masana sun daɗe da bayyana jinkiri uku da ke kashe mata: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a tsakar gida yake faruwa, inda ake jiran maigida ya dawo ko uwar miji ta amince. Ungozomar da ba ta taɓa tambayar "wa ke yanke shawara a gidanku?" lokacin awo ba, ta bar rabin aikinta.

Akwai masu cewa manhaja ta riga ta cika. Gaskiya ne, kuma in darasin zai tsaya ga haddar sunayen masanan Turai, gara a bar ɗalibai su huta. A fitar da shi daga aji. Kowane ɗalibi, likita ne ko nas ko mai haɗa magani, a haɗa shi da iyali ɗaya a unguwar Asawase ko Sabon Zango, da izininsu da sanin sarkin unguwa, ya ziyarce su sau uku ko huɗu a zangon karatu. Ya rubuta mutum nawa ke kwana a ɗaki, ina ake ɗebo ruwa, wane bayan gida ake shiga, katin inshora yana aiki ko ya mutu, wa aka fara zuwa wurinsa kafin asibiti: kemis, wanzami ko malam. Wannan tambayar ta ƙarshe sai an yi ta ba da raini ba, in ba haka ba a ɓoye masa jiƙon da ake sha tare da maganin hawan jini.

Sai kuma harshe. Tsohuwar da Hausa kaɗai take ji ba za ta faɗi ciwon mara ta bakin jikanta ɗan shekara goma sha biyu da aka sa tafinta ba. A jarrabawar gwaji a gaban majinyaci, a ware maki ga ɗalibin da ya lura da haka, ya sallami yaron, ya nemo ma'aikaciya mace mai jin Hausa.