Injin wankin mota ba shi ne injin wankin kafet ba

Jama'a, mutane da yawa in za su fara sana'ar wankin kafet abu na farko da suke rugawa su saya shi ne injin nan mai feshin ruwa da ƙarfi na masu wankin mota, wai shi ke nan an haɗa kayan aiki. Wallahi ba haka ba ne. Jiƙa kafet ba wuya, wahalar tana wajen fitar da ruwan. Injin feshi yana tura ruwa da omo har ƙasan kafet ɗin, wani lokaci ma ya ɓamɓare gam ɗin da ya riƙe bayansa, kuma in kafet ya wuce kwana 2 a jiƙe musamman da damina sai ya yi fumfuna ya kama wari, kwastoma ba zai sake kawo maka ba.

Fara sa kuɗinka a injin da ke zuƙe ruwa, irin Puzzi na kamfanin Kärcher da ke fesawa yana zuƙewa lokaci guda, sai buroshi da fanka babba ta busarwa. Ka duba wat ɗinsa kafin ka biya, irin waɗannan injinan kan ja sama da wat 1000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba.